Ɗan Mitsitsin Ɗakin Da Ba Na Kowa Ba

A wani gari an yi wata yarinya, Tasalla, da yayarta Dije, kwamfuta ɗaya gare su. Dije ta raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu, kowa da ɗakinta, kowane ɗaki da manhajar da ke tafiyar da shi. In an kunna, sai kwamfutar ta tambayi ɗakin da za a shiga.

Ran nan ɗakin Tasalla ya cika maƙil da zane-zanenta, Dije kuwa tana kasuwa. Tasalla ta buɗe wurin rabon don ta ƙara wa kanta fili, sai ta ga ɗakuna uku.

Ta ce, "Wannan nawa, wannan na Yaya. To, wannan ɗan mitsitsin na wa?"

Ta sake ƙirgawa. Kanta ya ɗaure.

Ta ce, "Abin da ba na kowa ba, ai nawa ne." Ta danna a goge shi. Kwamfutar ta tambaya, "Kin tabbata?"

Ta duba, ta sake dubawa. Ba ta tabbata ba. Ta janye hannu, ta zumɓura baki har Dije ta dawo.

"Yaya, wannan ɗan mitsitsin na wa ne?"

Dije ta leƙa, ta dafe ƙirji. "Ke! Ai zauren gidan ke nan, ta nan ake shiga ɗakunan duka biyu. Da kin goge shi, da yau ni da ke a waje za mu kwana!"