Kwano Ɗaya Da Adda

"Ke za ki riƙe makullan akwatunan," in ji Adda. "Ai ke ce ƙanwar ango."

Khairiyya ta dubi akwatunan lefen da aka jera a tsakar gida.

"Ni, Adda?"

"To wa? Ina da wata 'yar bayan ke?"

Ta miƙa hannu ta karɓa. Lefen Jamaluddeen ne, mutumin da take so kamar ranta, kuma ita aka zaɓa ta kai wa wata.

Khairiyya 'yar Sudan ce, likitar dabbobi. Yaƙi ya cinye gidansu, ya haɗa da mahaifiyarta. Wata ƙungiyar sa kai ta biyo zuwa Gagarawa aikin rigakafin shanu, ba ta san komai a Hausa ba sai "sannu". Aka sauke ta gidan Adda, a ɗakin Asama'u, 'yar Adda da ta rasu wajen haihuwa.

Ranar farko Adda ta turo mata kwanon tuwon gero, ta yi mata nuni da hannu ta matso. Loma ɗaya Khairiyya ta kai baki, ɗanɗanon girkin mahaifiyarta ya dawo mata, sai kuka. Adda ba ta tambaye ta komai ba, ita ma ta kama nata. Tun daga ranar kwanonsu ɗaya. Adda ke mata kitso, ita ke matsa wa Adda ƙafa, har matan unguwa suka daina ce mata Balarabiya suka koma 'Yar Adda.

Jamaluddeen kuwa ɗan Adda ne na fari, ko sunansa Adda ba ta kamawa. Fataucin shanu yake a kasuwar Maigatari, shi ke ɗaukar Khairiyya a babur zuwa rugage yana mata tafinta. Daga tsokana aka fara, kamar yadda aka saba, har ranar da ya tsayar da babur ƙarƙashin wata tsamiya.

"Baƙuwata, in aikin nan ya ƙare ina za ki?"

"Ban sani ba..."

"Ni na sani. Gidana."

Amma da ya kai maganar, Adda ta ce sam. An riga an yi masa mata, Rahama 'yar ƙaninta ta Sule Tankarkar. Ita kuwa Rahama, Allah ya yi ta da iya bi da mutum, tun da ta ga take-taken ta riƙa zarya gidan, ta shige ɗakin Goggonta su yi ta ƙus-ƙus.

Kafin motar kai lefe ta zo, Jamaluddeen ya tare Khairiyya a bayan garke, idanunsa jajir.

"Ajiye makullan nan, masoyiyata. Mu je Gumel, Baffa zai ɗaura mana aure yau."

"Adda fa?"

"Za ta huce."

"In ba ta huce ba?" in ji ta. "Jamal, na san yadda rashin uwa yake. Ba zan zama sanadin ka ɗanɗana shi ba."

"To ni fa? Ni ba ki tausayina?"

Ta juya ta tafi, don in ta ƙara kallonsa sau ɗaya ba za ta iya ba.

Ta kai lefen. Ita ta buɗe akwatunan a gaban mata, tana ɗaga atamfa da leshi ana guɗa, ana cewa ƙanwar ango akwai fara'a.

Da suka dawo da la'asar, Adda ta kira ta ɗaki. Tsohuwar ta daɗe tana murza carbi kafin ta yi magana.

"Kina ganin ƙinki nake ko?"

Khairiyya ta zauna gefenta, Adda ta ci gaba.

"Rahama ce ta tuna mini abin da na manta. A nan, suruka ba ta sa hannu a kwanon uwar miji. Ba ta zama kusa da ita, ba hira, ba haɗa ido. Daga bakin ƙofa za ki durƙusa ki gaishe ni, ki tashi." Hawaye suka zubo mata. "Ƙasa ta karɓe mini Asama'u, sannan in miƙa wa wancan ke? Na kasa, 'yar nan. Son kaina na yi."

Da ƙiyayya ce da Khairiyya ta san yadda za ta ɗauke ta. Wannan kuwa ta rasa inda za ta ajiye shi, sai zuciyarta ta yi ta zafi.

Ba ta nemi ƙarin wa'adin aiki ba. Ta san ba za ta iya zama gida ɗaya da amaryarsa ba, ana ce mata ƙanwar miji. Aka yi biki da ita, ta yi hidima har aka watse.

Ranar tafiyarta, direba na jira a waje, Adda ta zubo tuwon gero a kwanonsu, ta ajiye a tsakiyar tabarma.

"Zo mu ci, 'yata, kafin ki kama hanya."

Khairiyya ta zo har bakin ƙofa, ƙafarta ta ƙi shiga. Ta san in ta sa hannu a kwanon nan ba inda za ta. Sai ta durƙusa a nan, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai ƙasa.

"Na ƙoshi, Adda... A yafe mini."

Adda ta dubi durƙuson, ta gane irinsa. Durƙuson suruka ne.

Har motar ta hau titin Gumel, tuwon na nan a tsakiyar tabarma, ba wanda ya taɓa shi.