Kan Sandar Magana

Ruwan sama ya ɗauke ke nan, Sufeto Araba Bentsil tana warware ganyen dokununta, tuwon masaran da ake naɗewa a ganye, a ofishin 'yan sanda, aka bugo waya daga wani masaukin baƙi na bakin teku. An yi sata a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Masana Falsafar Siyasa. Ta tambaya ko kwamfuta ce ko waya, don su aka saba ɗaukewa a irin wannan taro. Aka ce mata a'a, kan sanda ne.

Ta mayar da dokunun cikin leda, ta kira Saja Boadu.

Duk wanda ya zauna a Cape Coast ya san mutanen nan. Kowace damina sai sun taho daga jami'o'in ƙasar sun cika masaukin, su kwana su wuni suna gardama a kan wanda ya cancanci mulki, su da ko layin karɓar abinci ba su iya shiryawa ba. Ni dai ina son su, amma ba zan ba su riƙon akuya ba.

Sufeto ta tarar da su cunkushe a baranda, kowa na magana, ba mai sauraro. Zauren taron kuwa ga shi a buɗe, fankoki na juyawa, kujeru babu kowa. Abin ya ba ta mamaki. Ta nemi shugaban ƙungiyar, wani dogo mutumin Tamale mai suna Farfesa Wumbei, ta ce su shiga ciki su zauna. Ya bi ta, amma yana ƙetare ƙofa bakinsa ya mutu. Ta yi tambaya, ya nuna mata baranda da hannu. Sai da suka fito sannan ya numfasa.

Ya yi mata bayani. Tun kafa ƙungiyar wani basarake ya ba su sanda irin wadda kakakin sarki ke riƙewa, kanta an sassaƙa shi da siffar hannu riƙe da ƙwai, an lulluɓe shi da zinariya. Dokarsu ita ce, muddin an buɗe taro, ba mai cewa uffan a cikin zauren sai hannunsa na kan sandar, kuma duk ƙuri'ar da aka kaɗa babu ita a kan tebur ba ta ƙirgu ba. Yau da safe aka tarar an kwance kan an tafi da shi.

"To ku riƙe gorar sandar mana ku yi magana," in ji Sufeto.

"Abin da muke tattaunawa ke nan tun safe, Madam. Ko sanda marar kai tana nan a matsayin sanda. Masu rinjaye sun ce a'a."

"Wa ke ajiye ta?"

"Dakta Naana Tandoh. Makulli ɗaya ne, a wuyanta yake."

Ya ƙara da cewa kwamiti ya riga ya yanke shawara, in ba a ga kan ba kafin a rufe taro da yamma, za a rubuta wa jami'arta. Naana ba ta daɗe da fara koyarwa ba, ba a ma tabbatar mata da aikin ba tukuna. Takarda ɗaya mai kalmar sata ta isa ta raba ta da aji har abada.

Ɗakin ajiyar yana bayan zauren. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Saja Boadu ya leƙa ƙarƙashin kabad, ya ce ɓarawon gida ne, wannan ko makaho ya gani. Sufeto kuwa gorar take kallo. An haɗa kujeru biyu, an shimfiɗa farin ƙyalle, an kwantar da ita a kai kamar jariri.

Ta aika a tambayi Farfesa Wumbei ko su suka gyara ta haka. Ya ce a haka aka same ta, kuma daidai ne, don sandar ba ta taɓa ƙasa.

"Saja, ka taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya yi wa kayan da ya bari shimfiɗa?"

"Sai dai in uwarsa ce ta haifi kayan, Madam."

Ta koma ta cikin zauren. Sai a lokacin ta lura ashe akwai mutum ɗaya a ciki, wani tsoho a kujerar gaba, ya yafa zane a kafaɗar hagu, tsohuwar jakar fata a kan cinyarsa, hannun damansa a cikinta kamar mai laluben tabarau. Ta gaishe shi. Ya amsa da murya mai daɗi, ya ce shi ne Farfesa Kobina Eshun, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Gwiwoyinsa ba sa son tsayuwar baranda.

"Baba, wa kake zato?"

"Zato ba aikina ba ne, 'yata. Amma ki tambayi wanda ya ce a jefa ta teku."

"Dakta Naana fa?"

"Ɗalibata ce. Ni na koya mata riƙe sandar." Ya kawar da kai wajen taga.

Wanda ya ce a jefa ta teku Dakta Selorm Agbeko ne, saurayi mai gemu da jar riga, wanda ya zo daga Accra da tawagar matasa. Shi ya kawo ƙudurin da za a kaɗa wa ƙuri'a a ranar: a soke dokar sanda, a kai ta gidan tarihi, a sayo makirufo da agogo. Sufeto ta same shi a ƙarshen baranda yana shan ruwan kwakwa.

"Ina kake da sassafe?"

"A ɗakina, ina karatu."

"Da yashi a takalminka?"

Ya kalli ƙafarsa, ya yi dariyar yaƙe. Daga nan ya faɗi gaskiya. Ya kai wasu malamai bakin teku ne cin soyayyen kifi, yana lallashinsu su ba shi ƙuri'a, abin da bai so tsofaffi su ji ba. Mai kifin za ta shaida, don har yanzu tana jin haushin yadda ya taya.

"Amma ka tsani sandar."

"Sosai ma. Madam, yarinya ta zo da tunani mai kyau, sai ta jira sanda ta zagayo ta hannun furofesoshi, kafin ta iso gare ta an tashi cin abinci. Wannan ba tsari ba ne, danniya ce mai zinariya. Amma yau na fi kowa buƙatarta. Na tara ƙuri'una. Ba sanda, ba ƙuri'a, sai baɗi."

Sufeto ta tsaya a kan wannan magana. Ashe mai son kashe sandar shi ne mai son a gan ta. Ta tambaye shi wa zai fi jin zafin ƙudurin.

Selorm ya ce ai ba sai an tambaya ba, Baba Eshun. Amma shi ba zai iya ba, mutumin da doka ta zame masa ƙashin baya. Ya ba ta labarin da kowane sabon ɗan ƙungiya ke ji a ranarsa ta farko. Wata shekara wayar fanka ta kama wuta a zauren, tsohon ne kaɗai ya gani. Bai yi ihu ba. Ya ɗaga hannu, ya jira aka miƙo masa sanda, ya gode wa shugaba, sannan ya sanar da taro cewa rufin yana ci da wuta.

Saja Boadu ya yi dariya har da riƙe ciki. Sufeto ba ta yi ba. Ta juya tana kallon ƙofar zauren, ta daɗe a haka.

Dakta Naana tana zaune ita kaɗai a matattakala ta bayan kicin, idanunta sun yi ja. Makullin na rataye a wuyanta da baƙin zare. Ta ce bai taɓa barin jikinta ba, har wanka da shi take yi.

"To ke kika ɗauka ke nan."

"Ban ɗauka ba."

"Ƙofa ba a fasa ba, makulli ɗaya ne, bai bar wuyanki ba. Ke malamar tunani ce, ƙarasa mini lissafin."

Naana ta damƙe makullin.

"Wa kika ba aro, Dakta?"

"Ba kowa."

Sufeto ta zauna kusa da ita a matattakalar. Ta ce mata zaren nan an kwance shi an sake ɗaurewa yau, ga tsohon ƙullin can ya bar alama, ga sabon a gefe. Ta ce ta san hukuncin mai ba da makulli bai kai na ɓarawo ba, don haka ba kanta take karewa ba, wani take karewa. Naana ta sa fuska a tafin hannu. Abin da kawai ta ce shi ne, akwai mutumin da ya tsaya mata lokacin da kowa ya ce 'yar mai gasa kifi ba za ta iya falsafa ba, kuma ba za a ji sunansa daga bakinta ba.

Tausayinta ya kama Sufeto, haushi kuma ya biyo baya. Tun safe yarinyar nan ke zaune ana nuna ta da baki, wanda take rufa wa asiri yana jin komai.

Ta sa Farfesa Wumbei ya tara kowa a zauren. Suka shigo suna surutu, suna ƙetare ƙofa suna yin tsit ɗaya bayan ɗaya, har ba a jin komai sai fanka da teku. Farfesa Eshun na nan a kujerarsa, hannayensa biyu a kan jaka.

Sufeto ta tsaya a gaba. Ta ce ita ba 'yar ƙungiya ba ce, don haka za ta yi magana. Bincike ya nuna da makulli aka buɗe ɗakin, mai makulli kuma ta ce bai bar wuyanta ba. Ba ta da zaɓi.

"Saja, tafi da Dakta Naana mota."

Saja ya nufe ta. Naana ta miƙe da kanta, ta ɗauki jakarta.

"In akwai mai magana, yanzu ne lokacinta," in ji Sufeto.

Bakuna suka motsa, ba sauti. Selorm ya yunƙura zai fita baranda ya yi magana daga can. Sufeto ba shi take kallo ba. Tana kallon hannun daman tsohon, wanda ya ɗaga a hankali, ya buɗe jakar, ya shige ciki.

"Ku sake ta," in ji Farfesa Eshun.

Duk zauren ya juya. Ba abin da ya faɗa ne ya girgiza su ba, a'a, yadda aka yi ya faɗa. Farfesa Wumbei ya dafe ƙirji.

"Baba, ɗazu ma ka yi mini magana a nan," in ji Sufeto. "Ban san nauyin abin ba sai da na ji labarin fanka. Fito da hannunka, da abin da ke cikinsa."

Ya fito da shi. Zinariyar ta ɗauki hasken taga.

Bai yi gardama ba. Yana riƙe da kan sandar ya faɗi komai, a tsare kamar darasi. Da safe ya roƙi Naana makulli, ya ce yana so ya yi ban kwana da sandar shi kaɗai. Ya san Selorm ya tara ƙuri'u. Ya ce kafin zuwan sandar ya ga taron da aka yi jifa da kujeru a kan ma'anar adalci, ya ga masu babbar murya sun cinye masu gaskiya. Niyyarsa ya ɓoye kan har a watse, ya mayar gobe, ya sami shekara guda ta lallashi.

"Ka ji za a rubuta wa jami'arta?"

"Na ji."

"Tun yaushe?"

"Tun safe."

"Duk da haka ka zauna abinka?"

"Na zauna. Na ce wa kaina takarda ce, ana iya janye ta. Na auna yarinya ɗaya da ƙungiya, na ga ƙungiya ta fi nauyi." Ya dubi kan sandar. "Na shekara ina kayar da ɗalibai a jarrabawa saboda irin wannan awo."

Saja Boadu ya buɗe ledar shaida. Tsohon ya roƙi a bar shi ya ƙara kalma ɗaya kafin a karɓa. Ya juya wajen Naana, ya ce ta yafe masa, sannan ya miƙo mata kan sandar da hannu biyu don ta samu ta amsa.

Naana ta dubi zinariyar, ta dubi malaminta. Ta mayar da hannayenta baya.

"Ba sai na riƙe ba, Farfesa," ta ce, a tsakiyar zauren, da muryar da ta kai kujerar ƙarshe. "Ka koya mini cewa an yi sandar nan don a ji ƙarami. Tun safe nake jira ta zagayo kaina."

Sai wata malama daga baya ta ce gaskiya ne, ita ma hannunta wayam. Wani ya ce a janye maganar takarda, wani ya goyi baya. Farfesa Wumbei ya buɗe baki zai tsawatar, ya ji kansa yana magana, ya ci gaba. Kafin Saja ya ɗaure bakin ledar, zauren ya cika da muryoyi, ba wanda ya kaɗa ƙuri'a, ba wanda ya nemi izini.

Sufeto ba ta sa masa ankwa ba. Ta riƙe masa jaka, Saja ya tallafi gwiwar hannunsa, suka bi tsakanin kujeru a hankali. A bakin ƙofa tsohon ya tsaya ya waiwaya, yana sauraron hayaniyar. Shi kaɗai ne a zauren bakinsa ke rufe.

"Mu je, Baba," in ji Sufeto Araba. "Akwai matattakala, ka kula."