Kofin Dibet da Burtalin Baffa Sajo

Iya tana tankaɗen gari a tsakar gida aka yi sallama aka dire ƙullin goro a bakin zaure. Ba ta nemi bayani ba. Goron da aka kai rugar Baffa Sajo ne na gaisuwar neman auren 'yarsa Asama'u, ga shi ya dawo da ɗaurinsa, ko ganye ɗaya ba a warware ba.

Ta ajiye rariya ta leƙa ɗakin ɗanta Ilu. Yana zaune yana goge wani kofi mai ƙyalli da gefen rigarsa.

"Ɗan boko, me ka je ka faɗa wa mutanen nan?"

"Ni? Gaskiya kawai na faɗa, Iya. Kuma wallahi babu wanda ya iya ba ni amsa."

Iya ta zauna a dokin ƙofa, ta sa bakin zani tana share ido.

Wannan kofi shi ne asalin fitinar. Ilu ɗalibi ne a jami'a a Zariya. Da can, in baƙo ya gaishe shi sai ya kama in'ina. Da ya je Zariya ya shiga ƙungiyar muhawara, wadda su ɗalibai suke kira dibet. A kawo batu, a jefa ƙuri'a a ce kai ka goyi baya wancan ya soka, ka miƙe tsaye, ka dubi abokin karawarka cikin ido, ka jera hujjojinka kafin a kaɗa ƙararrawa. Bakin yaro ya buɗe, har ya ci wa ƙungiyarsu kofi. Da ya sauka daga jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha, hutun daminar 1974, bai sa kofin a akwati ba, a hannu ya riƙo shi har gida, don kada wani ya rasa gani.

To, kowa ya san yadda ake gaida surukai a ƙasar Gumel. Mai neman aure ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zauna a gefen tabarma, ya sunkuyar da kai, manyansa su yi magana. Shi nasa amin ne kawai. Kawunsa Haladu ya faɗa masa haka a hanya har sau ba adadi.

Da suka isa rugar, an gaisa lafiya. Sai Baffa Sajo, cikin hira da Kawu Haladu, ya ce tun farin bara manoma suke cin burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rijiya ta matse har saniya biyu ba sa iya jerawa. Ba da Ilu yake ba. Amma Ilu ya ji kamar an kaɗa masa ƙararrawa. Ya ɗaga kai, ya dubi dattijon tsakiyar ido, ya fara lanƙwasa yatsu: na farko mutane sun ƙaru, na biyu gero ke ciyar da gari ba saniya ba, na uku zamanin yawo da dabbobi ya kusa wucewa. A gaban 'ya'yan mutum da ƙannensa! Kawu Haladu ya yi ta gyaran murya har maƙogwaronsa ya yi zafi.

Baffa Sajo ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ƙara ilimi." Ilu ya tashi yana jin ya yi nasara. Bai san cewa Bafillace in ya yi maka irin wannan murmushin ya gama da kai ba.

Mahaifin Ilu, Malam Barau, da ya dawo daga gona ya ga goro, sai ya hau sama. Ya ce shi za a mayar wa kaya? Ya rantse ko mata sun ƙare ɗansa ba zai ƙara taka rugar nan ba. Ilu ya ce shi fa Asama'u yake so. Uban ya ce to ya so ta daga nesa.

Ranar Alhamis Ilu ya tafi kasuwar Maigatari, inda Asama'u ke kawo nono tare da matan rugarsu. Ya same ta a inuwar da ta saba zama. Idanunta sun kumbura, amma bakinta yana nan yadda ya san shi.

"Sannu, mai nasara. An ce ka kayar da Baffa."

"Ma'u, ki tsaya ki ji. Poyin ɗina, wato hujjojina, uku ne, kuma duk..."

"Kaɗo, kada ka ƙirga mini yatsu, ni ba kasuwar yatsu na zo ba."

Ta gaya masa Baffanta bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Cewa ya yi kawai mutumin da ba ya iya barin tsoho ya ƙarasa kukansa, ba zai iya sauraron mace ba. Ta ce ita ba za ta saɓa wa mahaifinta ba, kuma ba ta son kowa sai Ilu, saboda haka ya san yadda zai yi da wannan wutar da ya kunna. Sai hawaye suka zubo mata, ta juya kai tana gyara faifan ƙwarya.

Can ta ce, "Ba kai ka taɓa ba ni labari ba, a lakwal ɗin naku, makarantar bokon nan, wani lokaci ƙuri'a takan ba ka ɓangaren da ba ka so?"

Ya ce ƙwarai. Har ma ranar da ya ci kofin, abin da ya kare bai yarda da shi ba ko kaɗan. Malaminsu yakan ce wanda bai iya faɗin hujjar abokin karawarsa har shi abokin ya ce haka ne ba, bai isa ya soke ta ba.

"To ka ɗauka ƙuri'a ta ba ka Baffa," in ji ta. "Mu gani in kofin na gaske ne."

Ilu ya koma gida shiru, abin da Iya ta ce ba ta gani ba tun da ya dawo hutu. Washegari da hantsi ya bi burtalin da ƙafa tun daga ruga har rijiya. Ya ga inda shanu ke cunkushewa, ya ga wata tsohuwar saniya da haƙarƙarinta duk a waje tana turereniya. Ya tsaya ya saurari makiyaya, wannan karon bai katse kowa ba. Suka gaya masa garken Baffa Sajo fiye da rabi ya mutu a farin bara. Sannan ya iso wurin da hanyar ta fi matsewa. Gonarsu ce. Ga kututturan tsohon shingen aguwa can cikin gero, ga sabon shinge an dasa shi a tsakiyar hanyar shanu.

Ba a jima ba abin da ake gudu ya faru. Shanun Baffa Sajo suka ture sabon shingen suka cinye geron gefen. Malam Barau ya kai ƙara wurin dagaci, ya dawo yana murna, ya ce wa Ilu yau bokon da ya sha wahala a kansa zai yi rana.

"Kai za ka yi mini magana. Ka yi masa irin ta rannan, har da ƙari."

Nan ne wurin ya yi tsanani. In Ilu ya kayar da Baffa Sajo a gaban dagaci, shi da Asama'u har abada. In kuma ya tona shingen ubansa a bainar jama'a, ya maimaita wautarsa ta farko, wannan karon a kan mahaifinsa.

Bayan la'asar ya sami uban a zaure ya durƙusa. Ya ce a makaranta ba sa shiga muhawara sai sun gwada a gida, wani ya zama abokin gaba don a san ta inda zai ɓullo. Ya roƙi Baba ya bari shi ya zama Baffa Sajo, Baba kuma ya ba shi amsa. Malam Barau ya yi dariya ya ce bismilla, har ya miƙa masa sanda ya ce ya rataya a kafaɗa don abin ya yi kama. Iya ta matso bayan ƙofa da tsintsiya a hannu, wai shara take.

Ilu ya sassauta murya. Ya ce shi Sajo ne, ubansa ya bi hanyar nan da shanu, uban Barau yana ba shi ruwa a bakin gona. Malam Barau ya ce wannan da ne. Ilu ya ce bara ya binne shanun da ya san sunan kowace ɗaya, waɗanda suka rage ba su da hanyar ruwa sai wannan. Malam Barau ya ce shi ma bara rumbunsa wayam ya kwana, da me zai ciyar da gida?

"Gaskiya ne, Barau, yunwa ta taɓa mu duka. Amma saniya ba ta san an matsar da shinge ba. Inda uwarta ta bi nan take bi. Kututturan aguwar nan da ke cikin geronka, wa ya sare su?"

 Malam Barau ya dubi ɗansa, ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Ajiye sandar nan, ka fara yi mini kama da shi da yawa." Daga bayan ƙofa Iya ta ce ai dama ta faɗa tun ranar da aka dasa shingen. Malam Barau ya ce wa ya sa da ita, ta ci gaba da shararta.

Ranar zama a ƙofar dagaci, aka ce Baffa Sajo ya faɗi nasa. Shi kuwa kunya ba ta barin irinsa su yi ta zuba a taro. Ya ce shanu nasa ne, sun ci gero, abin da aka yanke ya karɓa. 

Sai Malam Barau ya gyara zama ya ce, ranka ya daɗe, maganar Sajo ba ta ƙare ba, akwai saura a bakin yaron nan, a ba shi izini.

Ilu bai miƙe ba. Daga inda yake a gefen tabarma, takalmansa can nesa, kansa a ƙasa, ya faɗi abin da makiyayi ke ciki tun daga fari har zuwa matsewar hanya, a hankali, hannayensa a kan gwiwa. Bai ambaci shinge ba, ya bar wa mai shi. Da ya gama dagaci ya tambayi Baffa Sajo ko haka ne.

Dattijon ya dubi yaron ya gyaɗa kai. "Haka ne. Ko ni ban iya faɗinsa haka ba."

Malam Barau da bakinsa ya ce shi ya matsar da shinge, yunwa ce ta sa, kuma da an yi girbi zai mayar da shi inda ubansa ya dasa. Ya janye ƙara. Baffa Sajo ya ce in haka ne, da kaka garkensa a gonar Barau zai kwana har rani, su ci kara su bar masa taki, yadda iyayensu suka saba. Dagaci ya ce da duk shari'a haka take da ya yi ƙiba. Aka yi dariya, aka shafa fatiha.

Da goro ya koma ruga, Kawu Haladu ne ya yi magana daga farko har ƙarshe. Ilu bai ce komai ba sai amin. Da za su tashi Baffa Sajo ya ce wa Kawu Haladu, yadda kowa zai ji, ya lura yau yatsun yaron sun sami lafiya. Aka warware ƙullin, aka raba wa mata.

Aka sa biki bayan ya gama karatu, kuma Allah ya nufa aka yi. Ranar da aka kawo amarya, Asama'u ta ga kofin nan an ɗora shi a kan akwati yana ƙyalli. Ta ɗauka ta juya shi, ta ce ashe yana da zurfi, zai yi kyau da ajiyar man shanu. Ilu ya buɗe baki zai kawo hujja, ya tuna, ya ce duk yadda ta gani. A nan kofin ya ƙare, kuma Iya ta ce sai yanzu ya yi amfani.

'Yan makaranta, ku koyi magana, abu ne mai kyau, da ita Ilu ya gyara abin da ya ɓata. Amma ku sani kayar da mutum a gaban iyalinsa ba gwaninta ba ce. Gwani shi ne wanda ya yi haƙuri ya saurara har ya iya faɗin damuwar wani, mai ita ya ce haka ne.