Lodin da Uzairu Ya Kai Doguwa

Rana ta faɗa bayan ruwan Tiga, kaji sun fara neman makwanci, Hasiya tana tuƙa tuwo a tsakar gida, sai dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Mijinta Uzairu bai ko ɗaga kai ba. Yana zaune a bakin rariya yana wanke ƙafa, ya ɗauka yaran unguwa ne ke jifan tsuntsaye. Na biyu ya sauka cikin tukunyar miya. Na uku kuwa ya sauko a gabansa a hankali, kamar an ajiye shi da hannu.

Ya ɗauka ya jujjuya. Tsakuwa ce mai kaifi, irin wadda injin kamfani ke niƙawa, kuma da ɗumi a jikinta. Ya san ta sarai, don ita yake ɗiba a tifa sahu takwas kullum, daga Dutsen Kwance da ke bayan garinsu, Sabuwar Gangare, zuwa bakin titi inda ake gina babbar tashar kaya. An ce in an gama, tun daga nan za a riƙa loda masara da shinkafa da tumatir a kwantena, tirela ta wuce da su har bakin teku. Uzairu ya haddace wannan bayani kamar shi ya zana aikin, kuma duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a teburin mai shayi sai ya saurare shi daga farko har ƙarshe.

"Baban Humaira, wannan jifa daga ina?" in ji Hasiya.

"Hannun mutum ne," ya ce, yana kallon katangar gabas. "Kuma na san mai hannun."

Bayan katangar nan gidan yayansa Magaji ne. Sabuwar hanyar manyan motoci ta cinye rabin gonar Magaji, kuma tun ranar da Uzairu ya sa hular kwano ta kamfani, gaisuwarsu ta koma iyaka leɓe.

Kwana bakwai ana jifan. Da zarar ladan ya gyara murya don kiran magariba sai a fara, ana idar da salla sai a tsaya cak. Uzairu ya haye bishiyar mangwaro ya laɓe, ya ga Magaji da idonsa yana zuba wa awaki harawa alhali tsakuwa na zuba a gidansa. Da wani ne, da ya sauko da kunya. Shi kuwa sai ya ce ai hayar masu jifa Magaji ya yi. Washegari ya kai ƙara gaban mai unguwa, a bainar jama'a. Magaji ya dube shi ya ce, "Ni, Uzairu? Ni da na goya ka?" Ya kaɗe rigarsa ya fita.

A yammacin ranar, mahaifiyarsu Inna Dije ta kira Uzairu ɗakinta.

"Ka dai yi musu sallamar da na ce ka yi, ko?"

"Na yi, Inna."

"Yamma uku?"

"Yamma uku."

Ƙarya yake yi. Tun kafin a fara sa wa dutsen nakiya ta zaunar da shi ta ba shi labari. Shekarar da ruwan madatsa zai ci tsohon garinsu, mahaifinsu Tanimu ya tsaya a gindin tsamiya yamma uku a jere, yana cewa mutanen ɓoye su ji, ruwa na zuwa, mai son tashi ya biyo su. Ranar ƙaura ya hana a cika bayan motar kaya, ya bar musu wuri. Da aka iso sabon gari sai mutanen ɓoyen suka zauna a Dutsen Kwance, shekara hamsin ba su taɓa ko ɗan tsako ba. Inna ta ce ya je ya sanar da su kafin a fasa. Ya je har gindin dutsen, ya ga injiniyoyi da abokan aiki a tsaye, sai kunya ta kama shi. Wai direba guda da hular kwano, a gan shi yana yi wa dutse magana! Ya yi kamar fitsari ya kawo shi, ya juyo. Wannan abu yana nan a ƙasan ransa, shi ya sa ya fi son a ce Magaji ne.

Ranar da jifa ya tsaya, ranar 'yarsa Aisha Humaira ta kwanta. Yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu, mai surutu, wadda ba a gama cin tuwo ba ta sa kowa dariya ba. Ta dawo daga makarantar Islamiyya, ta ajiye jaka, ta zauna ta fuskanci bango. Da almuru ya yi sai ta fara kiran wasu sunaye da muryar tsohuwa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga iyali. Kullum a suna ɗaya take tsayawa. Ta kira, ta saurara, ta sake kira, sannan ta rushe da kukan da ba na yara ba.

Ta daina cin abinci. An kai ta asibiti a Tiga, aka auna jini, aka ce ba a ga komai ba. Kwana shida ruwa kaɗai ke wucewa ta maƙogwaronta, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Tsoro ya kama Uzairu sosai, ya ga 'yarsa tana tafiya a gaban idonsa. Duk da haka bakinsa bai daina cewa sammu ne daga bayan katanga ba.

Magajin ne ya hau babur ya tafi Bebeji, ya ɗauko Malam Sharif, wani dattijo siriri da ya shahara da ruƙiyya. Uzairu ya tare su a zaure yana harare-harare, don a ransa har malamin bai yarda da shi ba.

"Kai ne uban yarinyar?" in ji Malam Sharif. "To, shigo ka zauna kusa. Mai laifi da mara laifi duk yanzu za a ji."

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Hasiya da Inna Dije suka riƙe yarinyar. Malam ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Gidan ya yi tsit, har awakin maƙwabta suka yi shiru. Ya kai tsakiyar Ayatul Kursiyyu sai Humaira ta miƙe zaune, ta gyara mayafi irin na tsofaffi, ta ce, "Ya isa, Malam. Ni ma Musulma ce. Kada ka ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Uwar gidan Dutsen Kwance. Tanimu ya kawo mu."

"Wa ya turo ki gidan nan?"

Uzairu ya saci kallon Magaji. Idon yarinyar kuwa a kan Uzairun ya tsaya.

"Ba wanda ya turo ni. Wannan na biyo. Ya zo har ƙofarmu da saƙo a bakinsa, na gan shi, ya haɗiye ya koma. Da safe wuta ta tashi a cikin ɗakunanmu. Mu saba'in da biyu ne, Malam. Yanzu mu saba'in da ɗaya. Autata tana barci, aka niƙa ta tare da gidan, shi kuma ya kwashe a motarsa ya zube a hanya."

Inna Dije ta saki hannun jikarta ta dubi ɗanta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi a kan wannan kallo.

"Me kike nema?" in ji Malam.

"'Ya a madadin 'ya."

Hasiya ta ƙwalla ƙara. Malam Sharif ya ɗaga mata hannu, ya matsa gaba.

"Kin ce ke Musulma ce. A wane littafi kika ga an kama yarinya da laifin ubanta? An zalunce ki, ban musa ba. Amma in kika ɗauki ran nan, ke ma kin zama azzaluma, kuma zan ci gaba da karatu har sai ɗayanmu ya gaji."

Sai Uzairu ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Ni ne. Inna ta aike ni, ban faɗa ba. Kunya na ji. In rai za ki ɗauka, ga nawa."

"Me zan yi da naka?" in ji muryar. Ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji da kuka. "Don darajar Tanimu zan sassauta. Sauran dutsen ma jibi za su tashe shi, ba mu da wurin zama. Ubanka ya ɗauke mu a mota. Kai ma ka ɗauke mu yau, ka kai mu duwatsun Doguwa kafin rana ta faɗi. Kada ka waiwaya, kada ka dubi madubi. In mun sauka lafiya, 'yarka ta tashi."

Uzairu ya san a jikin tifar akwai na'urar da ke nuna wa ofis duk inda ta taka, kuma direban da ya kauce hanya da motar kamfani ko sallama ba a yi masa. Aikin da yake taƙama da shi ke nan. Ya ce ya yarda. Malam ya sa tsohuwar ta yi rantsuwa, ta yi, sai yarinyar ta sulale a jikin uwarta, numfashinta na fita da ƙyar.

Da la'asar Uzairu ya ja tifar ba komai a cikinta zuwa gindin abin da ya rage na Dutsen Kwance. Ma'aikata na tsaye suna kallo. Ya cire hular kwano, ya ɗaga murya har ta shaƙe: "Mutanen ɓoye, ga mota! Mai tafiya ya hau!" Wasu suka yi dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba, don a gabansu motar ta fara nutsewa a kan tayoyinta, kaɗan-kaɗan, ƙarfe na kuka, har ta zauna kamar an cika ta da dutse.

Ya ɗaure madubai da tsumma. Yana shiga sai ya tarar da Magaji zaune a kujerar gefe.

"Yaya, ka yafe..."

"Ja mota, rana na tafiya."

Suka wuce Tudun Wada a giya ta biyu, injin na nishi. Wayarsa ta yi ta ƙara, manaja ne, har Magaji ya ɗauke ta ya kashe. Daga bayansu suna jin motsi, tari na tsofaffi, ƙarar ƙwarya, wani lokaci kukan jariri. Wuyan Uzairu ya ƙage don tsoron kada ya juya.

Rana ta yi ja lokacin da suka bar kwalta, suka bi wata hanyar shanu har gindin duwatsu. Ya tsaya. Bai ɗaga bodi ya juye ba kamar yadda yake yi wa tsakuwa. Ya kashe injin ya jira. Motar ta riƙa ɗagowa a hankali, shi kuma yana ƙirgawa a ransa, har saba'in. Sai ya ji an tsaya daidai tagarsa, inda ba ya iya kallo.

Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Iya, ban yi miki gaisuwar rasuwar autarki ba. Allah ya ji ƙanta. Allah ya ba ki haƙuri."



"Amin," in ji tsohuwar. "Tashi ka je ka ga taka 'yar."