Alharinin Bristol da Saƙin Tabitha

Tabitha na kaɗi a bakin murhu sai ga Enoch, saurayinta, ya faɗo gidan yana haki, da ƙunshi a hammata.

"Jirgin Bristol ya iso daga Ingila! Mama ta rubuto, ta yarda! Har da alharinin rigar aure!"

Tabitha ta daka tsalle, mazari ya gangara ƙarƙashin kujera. Amma mahaifinta, Barnabas maƙeri, ko taɓa ƙyallen bai yi ba. A Boston ta Amurka ne fa, wata guda bayan an zubar da ganyen shayi a teku don ƙin harajin sarkin Ingila—ko wata biyu, kwanakin sun soma kuɓuce mini—kuma yana cikin waɗanda suka rantse sun daina amfani da kayan Ingila.

Barnabas ya ce, "Karanta mana ƙarshen wasiƙar, yaro."

Muryar Enoch ta yi ƙasa. "Ta ce in amarya ba ta sa shi ba, ba surukarta ba ce."

"In ta sa shi kuma, ba 'yata ba ce!"

"Haba Baba! Tufa ce fa, ba sojan sarki ba!"

"Ai da tufar suka fara."

A bakin ƙofa Enoch ya raɗa wa Tabitha, "Mu ce wa Mama kin sa. Wa zai ƙetaro teku ya duba?"

"Da ƙarya zan shiga gidanku? A'a."

Tana hawaye ta yanki tafin hannu guda daga saƙinta, ta naɗe cikin wasiƙa, ta faɗa wa tsohuwar gaskiya duka.

Wata huɗu shiru. 'Yan mata na tsokanarta, "Amaryar teku, kifi ya cinye amsar ne?" Ga labari ya bazu sarki zai rufe tashar jiragen garin. Saura kwana uku a rufe, Enoch ya sake faɗowa, ko hula babu.

"Amsar Mama ta zo! Karanta, Tabitha!"

"'Yata, ni 'yar masaƙa ce. Zarenki ya yi kauri a gefe, ki gyara. Amma wadda ta iya faɗa mini gaskiya daga bayan teku za ta iya riƙe ɗana. Sa saƙinki. Alharinin ki ajiye wa jikata, kafin nan maza sun gaji da faɗa."

Barnabas ya juya baya yana murza ido, wai hayaƙi ne.

Yara, da ta bi shawarar Enoch, da an sha biki tun da wuri, amma da ba ta sami uwa ba. Haƙuri da gaskiya su suka ƙetare tekun.