Matakalar Da Baba Ya Gyara

"To ina katakon yake yanzu?"

Lauya Halloran ce ta yi tambayar. Ta sauke gilashin idonta tana binmu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na kalli Duarte, Duarte ya kalli Baba, Baba kuma ya kalli hularsa da ya ɗora a gwiwa.

"Baba, da kai fa take," na ce.

"Na hura wuta da shi."

"Ka yi me?!"

"Ranar Lahadin da muka gasa kifi. Ai ke ma kin ci, Odete, har da ƙari."

Wayyo Allah! Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Duarte shi ne wanda zan aura. An sa rana, an kama zauren biki, har Mama ta fara rigima da danginsa kan wanda zai toya burodin biki. Sana'arsa rufin gidaje. Tun yana saurayi yake yawo a saman rufin mutanen garinmu Fall River, ko santsi bai taɓa kwasarsa ba. Sai ga shi matakalar bayan gidan da yake haya ce ta kayar da shi. Yana saukowa daga hawa na uku katako ɗaya ya ɓurme, ya faɗo, ƙugunsa ya tsage.

Babana kuwa, Anacleto Furtado, da ake ce wa Senhor Anacleto don girmamawa, tsohon kafinta ne. Duk unguwarmu an san shi, ba ya iya ganin abu a karye ya wuce. Ko gidan makoki ya je ya ji ƙofa tana ƙara, sai ya nemi mai ya ɗiga mata. Washegarin faɗuwar Duarte, Baba ya je gidan da akwatin aikinsa a mota. Ya cire ruɓaɓɓen katakon, ya kafa sabo, ya shafa masa fenti.

"Kafin ka cire, ka ɗauki hoto?" Lauyar ta sake tambaya.

"Hoton me? Abin kunya ake ɗauka hoto?"

Ta ja numfashi ta juya ga Duarte.

"Ka ce ka sha gaya wa mai gidan cewa matakalar ta ruɓe. A rubuce?"

"Da baki dai. Kullum muna haɗuwa a coci."

"Ko saƙon waya ɗaya?"

"Haba, mutumin da ya san mahaifina? In rubuta masa takarda kamar wani baƙo?"

"Asibiti fa? Ran da ka faɗi ka je?"

Ni na amsa, don raina ya gama ɓaci.

"Bai je ba! Sama da mako yana kwance mahaifiyarsa tana murza shi da man zaitun. Sai da ƙafar ta kumbura kamar tulu sannan ya yarda na kai shi."

"Odete..." in ji Duarte.

"Ƙarya na yi?"

Lauyar ta danna wani abu a kwamfutarta, sai ga muryar Duarte ta cika ofishin. Ashe mutumin kamfanin inshorar mai gidan ya kira shi a waya, kuma ya naɗi maganar. Muka ji ya ce, "Ya jikin naka?" Muka ji masoyina, cikin ladabinsa na gado, ya amsa, "Lafiya lau, da sauƙi sosai, mun gode Allah."

A ranar da ya faɗi haka, ko banɗaki sai an riƙe shi!

"Gaisuwa ce fa," Duarte ya ce a hankali. "In mutum ya gaishe ka sai ka hau yi masa kuka?"

"A wurinka gaisuwa ce," in ji lauyar. "A wurinsu hujja ce. Ga abin da za su faɗa: matakala lafiyayyiya ce, ga ta nan kowa ya je ya gani. Kai mai hawa rufi ne, a wurin aiki ka ji rauninka, ka zo ka ɗora wa mai gida. Ni na yarda da ku. Amma kotu ba ta cin yarda, abin da aka ajiye take dubawa."

"Ni na ga katakon," Baba ya ce. "Kamar burodin da ya jiƙa yake."

"Kai ne surukinsa na gobe, kuma kai ka ƙone shi. Ka yi haƙuri, shaidarka ba za ta yi nisa ba."

Da muka isa ƙofar gidan mahaifiyar Duarte, inda ya koma da zama tun da ya faɗi, Baba ya fito da sauri zai kama shi.

Duarte ya janye hannunsa.

"Bari, Senhor Anacleto. Taimakonka ya isa haka."

Baba ya tsaya da hannu a miƙe. Ni kuwa na rasa wanda zan bi.

Likita ya riga ya gaya mana gaskiya bayan tiyata: Duarte zai yi tafiya, amma shi da tsani har abada. Diyyar da muke nema daga inshorar mai gidan ita ce duk abin da ya dogara da shi. Da ita ya so ya koyi wata sana'a, ya riƙe gida kamar kowane namiji.

Na zama kamar mahaukaciya. Na bi maƙwabta gida-gida ina tambaya ko wani ya taɓa ɗaukar hoto a bayan gidan, ko na bikin haihuwa ne, ko na kare. Na zazzage wayar Duarte tun daga farko har ƙarshe. Hotunana sun fi ɗari, ina dariya, ina cin abinci, ina barci a mota da baki buɗe. Na matakala ko ɗaya babu!

Wandon da ya faɗi da shi ma, wanda ya yage ya kwashi ɓurɓushin katako, mahaifiyarsa ta wanke shi tas ta ɗinke.

"Da so kike in bar shi da datti mutane su ce ba shi da uwa?" ta ce da ni.

Kowa ya yi abin kirki, kowa ya kashe mu. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, babu mugu ko ɗaya da zan zaga in huce.

Ran da lauyar ta kira ta ce kamfanin ya ƙi, kuma ita ma ba ta ga hanyar da za ta bi ba, na tafi wurin Duarte. Na same shi a falo ya miƙe ƙafa kan kujera, talabijin na ta magana ba ya kallo.

"Masoyina, ka ci abinci?"

"Zauna, Odete."

Na zauna.

"A ɗaga bikin nan."

"Zuwa yaushe?"

"Ban sani ba."

"Duarte, kalle ni! Ni rufi na ce zan aura ko kai? Ina aiki, za mu ci, za mu sha..."

"Ki ciyar da ni ke nan? In zauna ina jiran ki dawo da cefane?"

"To sai me? Ba a taɓa yi ba?"

"Ba wannan kaɗai ba ne." Ya kau da kai. "Duk Lahadi zan zauna a teburinku in kalli mahaifinki yana miƙo mini kifi. Ba zan iya ba. Da ya bar katakon nan kwana biyu kacal, da yanzu ba haka ba. Ya ƙone rayuwata ya gasa kifi da ita!"

"Kai fa? Wa ya ce lafiya lau? Wa ya ƙi asibiti?"

"Na sani! Kina tsammani ban sani ba? Amma shi ko haƙuri bai ba ni ba, Odete. Ko sau ɗaya bai ce da na sani ba."

Na fito ina kuka, na shiga mota ina dukan sitiyari.

A gida na tarar da Baba a gareji yana goge zarton da ba ya buƙatar guga. Mama ta ce tun ranar ofishin lauya rabonsa da abincin kirki. Da na ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai tausayi ya kama ni. Amma haushi ya fi ƙarfi.

"Baba, aurena zai mutu tun ba a ɗaura ba."

Bai ɗago ba.

"Kalma biyu kawai yake so. Ka je ka ce masa da ka sani da ba ka taɓa matakalar ba. Shi ke nan!"

"Haka ya ce?"

"Haka na ce! Ban taɓa roƙonka komai ba, Baba. Don Allah..."

Ya ajiye zarton, ya wanke hannu, ya sa rigarsa ta zuwa coci.

Muka samu Duarte inda na bar shi. Baba ya ƙi zama. Ya tsaya a tsakiyar falon yana murza hula, ni kuma ina gefe ina yi masa alama da ido.

"Duarte, ɗana... na cuce ka. Ban yi da niyya ba, amma na cuce ka. Ka yafe mini."

Na saki ajiyar zuciya. Saura kaɗan!

Duarte ya dube shi. "Da ka san abin da zai biyo baya, da ka bar ta yadda take?"

Na ƙura wa Baba ido. Ka ce e, Baba. Ka ce e mana!

"A'a."

"Baba!!"

"Yi shiru, Odete. Ba zan fara surukuta da ƙarya ba."

Na dafe kai. Shi ke nan, tsohon nan ya gama da ni.

"Da safen nan ba gyara na je yi ba," Baba ya ci gaba. "Kayanka na je ɗauko maka. Ina shiga bayan gidan na ga matar hawa na biyu tana saukowa. Kwandon wanki a hannu ɗaya, jaririnta a ɗaya hannun. Da ta iso ramin sai ta buɗe ƙafa ta tsallake. A gabana! Na ce mata ta bi ta gaba mana, ta ce mai gida ya kulle ƙofar gaba saboda fenti. Na koma mota na ɗauko guduma. Ko yau aka mayar da ni wurin, abin da zan yi ke nan."



"Celina," Duarte ya ce can ƙasa. "Yaronta ko wata huɗu bai kai ba."

"Ban san sunanta ba."

Duarte ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suka fara rawa, na kasa gane dariya yake ko kuka. Da ya buɗe, duka biyun ne.

"Hoto ɗaya, Senhor Anacleto! Ɗaya tak! Ka ɗauka, sannan ka gyara. Ko ka jefa katakon a bayan mota. Me zai ci maka?"

"Babu," in ji Baba. "Kullum sai na tambayi kaina. Babu abin da zai ci mini. Ban san ana ajiye ruɓaɓɓen abu ba, ɗana. A garinmu na asali ba a koya mana haka ba."

Tunda nake ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar.

"Duk abin da ya karye a gabana ina gyara shi," ya ce. "Ƙafarka ce abu na farko da na tsaya ina kallo na rasa ta inda zan kama."

Ni dai na zube a kan kujera ina sheshsheƙa. Haushin bai tafi ba, kada in yi ƙarya. Har gobe in na tuna katakon nan sai na ji zuciyata tana tafasa. Diyya ta tafi, kuma babu kukan da zai dawo da ita.

Duarte ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Can ya juyo gare ni.

"Odete, rabin raina... har yanzu kina son gurgu marar sana'a, mai cewa lafiya lau?"

"Kai dai ka sake cewa lafiya lau a waya ka gani!"

Ya yi murmushi, sannan fuskarsa ta sake canzawa.

"Fada Amaral, limamin cocinmu, ba ya gajarta addu'a. Ba zan iya tsayuwa a gabansa har a gama ɗaurin auren ba. Ga sandunan nan, ga mutane suna kallo..."

Baba ya share ido da hularsa.

"In na rako maka ita har gaban Fada ranar auren, ai ba dole ne in koma in zauna ba. Sai in tsaya ta hagunka."

"Mutane za su yi magana."

"Su yi."

Duarte ya yunƙura zai tashi. Na miƙo masa sandunansa, bai karɓa ba. Ya ɗaga hannu ya kama kafaɗar Baba, ya miƙe a hankali yana cije leɓe, har ya tsaya.

"Kada ka motsa, Baba," ya ce. "Gwadawa nake."