Hular Da Ta Ƙi Rufuwa

"Wata bakwai, Auta! Wata bakwai kina ce mini kin kusa!"

Muryar mijina ce a waya, har rawa take yi. Na maƙale wayar a kafaɗa, hannuwana na riƙe da allurar saƙa.

"Rabin raina, ka yi haƙuri... hular ce ban gama ba."

"Hula? Ko ta giwa ce ai da yanzu ta gaji da sa ta. Ki faɗa mini gaskiya, aure muke yi ko zumuncin waya?"

"Ka san Umma ba ta da..."

"Na sani. Ni ma nan ba ni da kowa sai bango." Sannan ya ce a hankali, "Na daina tambaya. In kin zo, kin zo."

Ƙit ya kashe. Wannan sanyin muryar ya fi faɗansa tayar mini da hankali.

Wata biyu da aurenmu aka mayar da shi wani gari mai tsananin sanyi, gyaran injin jirgin ƙasa. Satin da za mu tafi tare Umma ta faɗi a ƙofar kicin, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Na ce wa mijina ya yi gaba. Bawan Allah tun yana saurayi sanƙo ya cinye masa kai, sai sheƙi, don haka na auna kan da guntun zare, na yi masa alkawarin hular ulu. Na ce ranar da na gama, ni zan kawo ta da hannuna.

Tun daga nan duniyata ta koma ɗaki biyu a hawa na uku. In juya Umma, in ba ta magani, in wanke zanin gado, in zauna bakin taga da zarena ruwan toka ina kallon mutane suna hawa bas bibbiyu. Wata rana sai in wuni ban ji muryar kowa ba sai ta agogon bango. Kewarsa nake yi kamar raina zai fita, amma ko shi ban faɗa wa ba.

Sau uku Yaya tana cewa a mai da Umma gidanta. Sau uku ina cewa ba ta san yadda Umma ke son matashinta ba.

Ina cikin share hawaye na ji muryar Umma daga gado. Tun ciwon harshenta ya yi nauyi, kalma ɗaya-ɗaya take fitarwa.

"Auta... kawo saƙar nan."

Shekara talatin Umma ta yi tana saƙa, rabin jariran unguwarmu da hulunanta suka girma. Ta shimfiɗa tawa a cinya da hannun hagu. Ta ja, ta ja, abu ya ƙi ƙarewa, kamar ƙafar wando.

"Kan mijin naki tsiro yake yi a can?"

Na yi dariyar yaƙe.

"Idon saƙa nawa kika ɗora a allura?"

"Casa'in da shida."

"Yanzu nawa ne?"

Na sunkuyar da kai. "Casa'in da shida..."

"Wa ya koya miki saƙa?"

"Ke ce, Umma."

"To ban koya miki rage ido ba? In hula ta kai sama, ido biyu ake haɗawa su zama ɗaya, har ta rufe. Kin iya sarai. Ƙi kika yi."

Kuka ya ƙwace mini. Na kifa kaina a gefen gadon.

"Umma, in na rufe ta sai na tafi! In kuma na tafi..."

"In mutu ba kya nan?" Ta ɗora hannunta a kaina. "Zamanki ne ke riƙe da raina? Ciwona ɗaya ne, 'yar nan, kin mai da shi biyu. Kullum ina kwance ina kallon aurenki yana tsawo ba rufi."

"Wa zai kula da ke?"

"Ke kaɗai na haifa? Jiya da kika je kantin magani na kira yayarki. Jibi za su zo su ɗauke ni. Ɗauki allurarki."

Na ɗauka. Ina haɗa ido, tana ƙirga mini da harshenta mai nauyi. Tamanin da huɗu. Saba'in da biyu. Kafin rana ta bar tagar, saura goma sha biyu. Na zura zaren cikinsu na ja, bakin hular ya tsuke.

Na miƙa hannu zan ɗauki almakashi, ta riga ni.

"Ni zan yanke. Ba a sa hula tana jikin dunƙulenta."

Da hagu ta riƙe, hannun da bai saba ba. Ta datsa, zaren ya zille. Ta sake, ya zille. Na so in taimaka, ta harare ni. A na uku ya rabu.

Bayan kwana huɗu na sauka a tashar garin, iska tana yanka fuska. Can na hango sanƙon yana sheƙi cikin mutane, mai shi ya rame.

"Sahibata... ke ce?"

Hular kawai na zura masa. Ta wuce ido, ta wuce haɓa, ta sauko har ƙirji. Daga ciki na ji yana dariya, dariyar ta koma kuka. Sai da na naɗe bakin sau uku fuskarsa ta fito.

"Wata bakwai ne a kanka," na ce. "Kar ka yar da ko ɗaya."

A cikin mota na kira Yaya na ce na sauka lafiya.

"Alhamdulillahi. Umma ta ci abinci, tana barci," in ji ta. "Amma Auta, wane irin zare ne wannan? Ragowar dunƙulen nan ta cusa shi a hannunta na dama, wanda ba ya motsi. Na zo cirewa zan goge mata jiki, ta ce in bar mata, naki ne."